Rabin Sakainar Inna

Inna ta rasu ranar Talata da hantsi, ina Birnin Kebbi wurin aiki. Kafin saƙo ya same ni, in nemi mota, in kwana Yelwa, in iso Warra, an riga an kai ta makwancinta. Ban ga fuskarta ba. Tabarmi na tarar shimfiɗe tun daga zaure har bakin hanya, da jama'ar da ban taɓa gani zaune wuri ɗaya ba: Sarkawa masunta, Gungawa daga ƙauyukan bakin ruwa, da Kambari da suka sauko daga tudu da ƙura a ƙafafunsu.

Duk wanda ya zo maganarsa ɗaya ce. Wani tsohon masunci ya riƙe hannuna ya ce, "Shekara ashirin ina aje kayana wurinta, ko igiya ba ta taɓa ɓacewa ba." Liman ya ce shi dai yana kyautata mata zato, don bai san wanda ya kai ta tsoron haƙƙin mutane ba. A cikin gida kuwa likkafaninta tsofaffin mata suke ta yabo. Yayata, wadda ita ta ɗauko shi, ta ce mini cikin kuka, "Ka ga Inna ko? Har likkahaninta ta tanada. Hwarin saƙi na hannu irin na da, naɗe cikin tabarma a ɗakin ajiya. Ba mu nemi ko ƙyalle ga kowa ba."

Ina zaune ina amsa gaisuwa. Kusan duk wanda ya shafa addu'a, kafin ya miƙe sai ya laluba aljihu ko ya kwance bakin zane, ya nuna mini guntun sakaina, ya ce a hankali, "In an yi bakwai mu taho." Ni na san abin da ke jiran su a ɗakin nan, su ba su sani ba. Kuma da hannuna na yi shi.

Inna yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe mu, ni da yayata, tun mahaifiyarmu ta bar duniya, shi ya sa ba mu taɓa kiranta Gwaggo ba. Gidanta yana kusa da mashigar jirage, kuma a cikinsa akwai wani dogon ɗakin laka mai rufin kwano wanda duk ƙasar Ngaski ta san da shi. Masunci zai bi kifi wani yanki, sai ya kawo tarunsa. Manomin tudu ya sauko kasuwa da abin da bai so ya koma da shi, sai ya kawo. Mace za ta ƙetare ruwa jinya, sai ta kawo kwallarta da keken ɗinkinta. Inna ba ta taɓa yanka wa kowa ladan ajiya ba. Wanda ya ga dama ya kawo ɗan busasshen kifi, wanda bai kawo ba ma za ta tambaye shi lafiyar iyali.

Abin ya samo asali ne tun lokacin da ruwan Kainji ya tashi mutane daga tsibirai da tsofaffin garuruwa. Inna ta ce kaya aka riƙa jibgewa a ƙofar gidanta, kowa yana neman inda zai sa kansa. Wata rana maza biyu suka kusa zubar da jini a kan turmi guda, kowa yana rantsuwa na uwarsa ne. Daga ranar ta fasa ƙwaryarta ta furar safe. Duk wanda ya kawo ajiya, sai ta ɗauki sakaina ta karya biyu a gabansa, ta huda rabi da basilla ta ɗaure a jikin kayan da igiyar rama, ta miƙa masa rabi. Ranar karɓa, za a haɗa su baki da baki. In sun zauna, ɗauki kayanka. In ba su zauna ba, ko kai wane ne sai ka koma. Duk gidan mun san doka ɗaya: abin da ke ɗakin nan da sakaina a jikinsa na mutane ne, abin da babu sakaina na Inna ne.

Ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma kowace safiya sai ta shiga ɗakin ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya tana shafawa, tana ambaton masu su kamar mai gaida baƙi. Muna yara muna yi mata dariya. Ta kan ce, "Ku yi dariyarku. Ku za a tambaya?" Tsoro biyu na sani a ranta. Ba ta ƙara shiga jirgin ruwa ba tun ranar da aka kwaso su, kuma tana tsoron ta mutu da kayan wani a wuyanta. Na biyun ya fi ƙarfi, don in ta yi zazzaɓi kaɗan sai ta fara aika wa mutane su zo su duba ajiyarsu.

Akwai shekarar da wani masunci ya nutse, ya bar injin jirgi a ɗakin. Ƙanensa ya zo da mutane uku masu shaida, har da ɗan aiken mai gari. Inna ta ce ina sakaina. Ya ce ta tafi da mamacin cikin ruwa. Ta ce to injin ma sai ya jira. Mutumin ya zage ta tas a bainar jama'a, ya ce tsohuwa ta ga inji ta yi kwaɗayi. Ta yi kuka ranar, na gani, amma ba ta buɗe ƙofa ba. Bayan takaba sai ga matar mamacin da rabin sakaina, ta tsince ta ɗinke cikin matashinsa. Da injin nan ta ci da 'ya'yanta har suka girma. Ranar ta'aziyyar Inna matar nan ta fi kowa kuka.

Ni kuwa na yi boko, na zama ma'aikacin sito a Sakkwato. Da aka yanke mana jiha aka dawo da mu Birnin Kebbi, har da ɗan kwas aka tura ni na koyon tsare kaya irin na zamani. Na dawo kaina ya yi girma. Na zauna gaban Inna da ƙamus ina karanta mata yadda Turawa suke da kalmomi barkatai na wurin ajiye kaya, wannan ma'anarsa kaza, wancan ɗan'uwan wancan ne. Na ce mata kanti da shago da sito duk daga bakinsu muka aro, kuma littafi ya ce kusan abu ɗaya ne.

Ta ce, "Littahin nan bai taɓa zuwa kasuwa ba, Akawu." Haka take kirana in za ta tsokane ni. "Abin da ke kanti na mai saye na. Shago, mai shi na ciki zaune yana aiki. Sito na gwamnati na, shi ya sa ba mai jin tausai nai. Rumbu na mai gida na da iyali nai. To Turawanka mi sunka ce ma ɗakina?"

Na buɗe nan, na buɗe can. Duk kalmar da na samu, ko ta wurin da mutum yake tara kayansa ce, ko ta kayan sayarwa, ko ta inda ake biya a ajiye. Na ce ai sito ne kawai.

Ta ce, "Allah shi kiyaye. Ɗakin amana na. Rufe littahin ka ci tuwo."

Da na ji maganar nan da kunnen hankali, da ban yi abin da na yi ba.

Gab da faɗuwar damina aka kai ta Yelwa maganin ido, ni kuma ina hutu a gida. Na shiga ɗakin na tsaya ina kallonsa da idon ɗan kwas. Mai karɓa zai zo, sai tsohuwa mai ciwon ido ta bi ɗaki tana gwada sakaina a jikin kaya ɗaya bayan ɗaya. Na ce wannan wahala ce. Na yanko katuna irin waɗanda muke ratayawa a sito. Kowane kaya na kwance sakainarsa, na rubuta mata lamba da alƙalami, na rubuta lambar a kati, na ɗaure katin a jikin kayan. Sakainun duka na zuba a kwando ɗaya na rataye bakin ƙofa. A lissafina, mai kaya zai zo, a gwada a kwando, a karanta lamba, a tafi kai tsaye. Kwana biyu na yi ina wannan aiki, ina jin daɗin kaina. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa mai ɗakin ba ta karanta lamba.

Ranar da ta dawo, ta shiga da ido ɗaya a ɗaure, ta kai hannu kan buhun farko, ta ji takarda. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Wa yat taɓa min kayan mutane?"

Na fara bayani. Ta ce, "Ka raba kaya da shaidarsu? Takarda a ɗakin ga? Ka san abin da damina ka yi ma takarda a bakin ruwa? Maida su yanzu, ina tsaye."

Na ce motar safe zan bi, hutuna ya ƙare, in na dawo ƙarshen wata zan mayar. Har da ce mata ta gwada tsarin tukuna, za ta gode mini. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Ni na san mai kowane kaya, ko ido rufe. Amma in na faɗi fa, Akawu? Wa ya sani?" Na yi dariya na ce ba inda za ta.

Ƙarshen wata ya zo ban je ba. Sabuwar jiha ce, kaya suna ta shigowa, kullum da uzurin da zan ba kaina. Sau uku tana aiko direbobin Warra da saƙo ɗaya: a ce wa Akawu ya zo ya maida mata sakainunta. Ita ba za ta iya ba, don ta san kayan amma ba ta san wace sakaina ce ta wane ba sai da lamba, kuma ta ƙi yarda wani bare ya shiga ɗakin. Saƙo na huɗu shi ne na rasuwarta.

Washegarin isowata na karɓi mabuɗi na shiga ni kaɗai. Warin danshi ya fara tarbata. Kwanon ya yi yoyo ta kusurwa biyu. Katin farko da na ɗaga, tawadar ta narke ta zama shuɗin tabo. Na biyu gara ta cinye shi, saura igiya. Na bi ɗakin nan kaf, katin da ake iya karantawa bai kai yatsun hannu ɗaya ba. Kwandon yana nan rataye, sakainun lafiya lau, kowace da lambarta, lambar da ba ta nuna komai.

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Ba tsoron mutane kaɗai ba, ko da yake na san taru guda ya isa a fasa kai a kansa. Tsorona Inna. Mace ta yi shekaru tana tsare sunanta, ta sha zagi a kansa, ga shi tana kwance ba ta iya kare kanta, kuma duk abin da ya salwanta za a ce a hannunta ya salwanta. Kwanakin nan abinci ba ya wuce mini. In na ji an ce "ko igiya ba ta taɓa ɓacewa ba," sai in ji kamar ni ake nunawa.

Rana ta biyar na je na faɗa wa Liman komai. Ya ce, "Ka yi wauta, ɗana. Amma kada ka ƙara da ɓoyo. Ranar bakwai kai za ka tashi ka hwaɗi da bakinka."

Haka aka yi. Bayan addu'a na miƙe gaban jama'a na ce laifin nawa ne, ba na Inna ba. Gunaguni ya tashi. Wani ya ce dama boko ba ta taɓa gyara abin da ba ta ɓata ba. Liman ya tsawatar, ya kafa sharaɗi: kowa zai gwada sakainarsa a kwando, sannan ya faɗi kamannin kayansa tun daga waje, kafin a shiga a ɗauko.

Tun hantsi muke yi har la'asar. Mai kwalla ta faɗi inda ta lotse. Mai garma ya faɗi irin ƙotarta. Masunta biyu suka kama taru ɗaya, kowa ya ce nasa ne, har an fara ɗaga murya. Sai babban cikinsu ya duba ɗinkin wata ɓaraka, ya saki, ya ce, "Wanga ƙulli ba nawa ba na. Ɗauki abinka." Na ga wani ya tsaya gaban akwatin ƙarfe sabo ya daɗe, sannan ya wuce ya ɗauki tsohon da ke bayansa. Ba don ni suka yi gaskiya ba. Ɗakin ne har yanzu yake musu kwarjini.

Kwana arba'in ba su cika ba sai da ɗakin ya koma wayam. Saura abu ɗaya a kusurwa, ƙunshi cikin tsohon zane, da sakaina ɗaya a kwando. Na leƙa ƙunshin na ga farin yadi ne da ɗan turare. Na ce alhamdu lillahi, kaya ɗaya, sakaina ɗaya, duk ranar da mai shi ya zo an gama. Ranar na ci abinci har na nemi ƙari.

Ta zo ranar kasuwa. Tsohuwa ce ƙarama daga ƙauyukan tudu, ta dogara sanda, na san fuskarta tun ina yaro. Ita ke kawo wa Inna dawa sabuwa, su zauna a inuwar ɗakin suna hira, ɗaya tana jan carbi, ɗaya da ɗan gicciye a wuya. Ta ce ciwon ƙafa ya hana ta saukowa gaisuwa. Ta yi kukanta ta share, sannan ta kwance bakin zane ta fito da sakaina da ta yi baƙi don tsufa. Na haɗa da ta kwando, suka zauna daram. Na shiga da sauri na ɗauko ƙunshin na ajiye gabanta.

Ta kwance, ta shafa yadin da yatsu biyu, ta ɗago.

"Wanga ba nawa ba na, ɗana. Wanga yadin kanti na. Nawa saƙi na. Ni nish shuka audugar, ni nik kaɗa zaren, damina ukku. Cikin tabarma shi ke. Zanen da za a rufe ni da shi na, na kawo nan don gobara ta taɓa cin ɗakina."

Yayata tana tsaye a bayana. Na ji ta ce "Innalillahi," ta zauna a ƙasa. A gaggauce ta shiga ɗakin ranar rasuwa, ta ga farin saƙi babu sakaina a jikinsa, katinsa kuma gara ta cinye, ta bi dokar da muka tashi da ita. Wanda Inna ta tanada wa kanta shi ne wannan da ke gabanmu. Matar da ba ta taɓa ɗaukar igiyar wani ba, mun naɗe ta cikin kayan amana mun binne.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na faɗa wa tsohuwar komai, ina kuka kamar yaro. Na ce ta ɗauki yadin nan a madadi, ko in sa a saƙa mata wani, ko guda nawa take so. Ta tura yadin gefe ta ce na Inna ne, ita ba ta taɓa kayan wani. Aka kira Liman. Ya ce ba a tone kabari a kan wannan, magana tana hannun mai haƙƙi, in ta yafe shi ke nan.

Na ce, "Iya, don Allah ki ce kin yahe. Kalma ɗaya. Kada a tambaye ta abin da ba ita ta yi ba."

Ta daɗe tana juya sakainar a hannunta. Sannan ta ce, "In na yahe, ya zama kyauta ke nan. Ni ban ba ta kyauta ba, ajiya nib ba ta. Shekara tara tana riƙe min, ba ta taɓa gajiya ba. Ta ci gaba da riƙewa. Ba da daɗewa ba ni ma ina tahe, mu haɗa sakaina in amshi abina."

Na ce to wa zai tambaye ta kafin nan?

Ta ce, "Wa ka tambayar mai ajiya tun mai kaya bai zo ba?" Ta miƙo mini rabin sakainar da na ɗauko a kwando, ta ƙulle nata a bakin zane. "Kai dai gyara ɓarnarka. Sakaina jikin kaya taka zama."

Tare muka je maƙabarta, ita ta tsaya daga bakin shinge. Na durƙusa wajen kan Inna, na kankare lambar da na rubuta da farcena har ta fita, na tura sakainar cikin ƙasa.

Na rubuta wannan don kada a manta da ita, kuma don kada wani ya ji labarin rabi ya ɗora mata abin da ba nata ba. Wanda ya karanta ya roƙa mata gafara da sanyin makwanci, ya roƙa mini ni ma, don na fi ta bukata. Liman ya ce in kwantar da hankalina, amma kalmar da na roƙa ba a faɗe ta ba, kuma tsoron bai sake ni ba. Na dawo da aikina kusa da gida. Duk ranar kasuwa ina zama bakin ɗakin nan da babu komai cikinsa, ina duban hanyar tudu. Kasuwa uku ke nan tsohuwar ba ta sauko ba.